Zauren Nazarin Mujallu: Yadda Ake Horar da Sabbin Masu Binciken Magani

A shekarar 1875, William Osler, wani matashin likita a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, ya kafa ƙungiya domin shi da abokan aikinsa su riƙa haɗa kuɗi suna sayen mujallun likitanci waɗanda suka fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Daga karatu aka shiga muhawara, al'adar kuwa ta bazu.

A asibitocin koyarwa, sabon mai bincike yakan tsaya gaban tsaransa da malamansa ya gabatar da wani nazari, su kuma su tsare shi da tambayoyi. Marasa lafiya nawa aka gwada? Da su wa aka kwatanta su? A ganina, ta biyun ce ɗalibi ya kamata ya riƙe. Idan an ba mutum 20 magani, 18 suka warke, nawa ne za su warke ko da ba su sha kome ba?

Tambayar ba ta wasa ba ce. A Amurka, likitoci sun yi ta ba waɗanda suka tsira daga bugun zuciya maganin flecainide, domin yana daidaita harbawar zuciya. Sai a 1989 gwajin CAST ya kwatanta su da masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta, aka tarar masu shan maganin sun fi mutuwa.