Saƙon Ya Fi Ɗan Aike

'Yata, matso kusa ki zauna. Tun ranar Lahadi nake lura da ke. Da aka tashi daga sujada kin yi tsit, har muka iso gida ba ki ce uffan ba. Sai da dare kika tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa: "Gwaggo, me ya sa wasu ke ba da shaidar ganin mala'ika, ni ko a mafarki ban taɓa gani ba? Ko bangaskiyata ce ba ta kai ba?" Ban ba ki amsa nan take ba, don magana mai nauyi ba a yin ta a tsaye. Yau ga mu, an ci tuwo, yara sun kwanta. Bari mu yi ta a natse.

Mu fara da sunan kansa. Mala'ika ɗan aike ne. Ma'anar kalmar ke nan a Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, haka ma a Helenanci na Sabon Alkawari. Kin tuna kina ƙarama, ina aiken ki gidan maƙwabta da ƙwaryar fura? Idan an karɓa, godiya wurin wa take komawa? Wurin wadda ta dama. Ke dai a shafa miki kai, ki juyo gida. To, haka mala'iku suke. Wasiƙar Ibraniyawa, a ƙarshen sura ta 1, ta nuna su a matsayin masu hidima, waɗanda ake aikowa domin masu gādon ceto. Shi ya sa ko sunayensu ba a cika faɗa ba. Jibra'ilu da Mika'ilu muka fi sani, sai Rafayel na littafin Tobit, wanda 'yan'uwanmu Katolika ke tunawa tare da su kowace ranar 29 ga Satumba.

Yanzu ki duba waɗanda aka ziyarta. Ta farko da mala'ikan Ubangiji ya yi wa magana a Littafi Mai Tsarki ita ce Hajaratu, a Farawa sura ta 16. Baiwa ce 'yar Masar, ga juna biyu, ga ta a guje daga uwargijiyarta. A bakin wata maɓuɓɓuga cikin jeji, kan hanyar Shur, ya same ta. Ya kira ta da sunanta, ita da ba a cika kiran sunanta da daraja ba. Ya kuma raɗa wa ɗan cikinta suna Isma'ilu, wato Allah yana ji.

Ga annabi Iliya. Ya tsere wa Yezebel, ya zube a gindin wani ɗan itace a jeji, har yana roƙon mutuwa. Mala'ika ya taɓa shi, ya nuna masa gurasa da tulun ruwa. Ya ci, ya sake kwanciya. Aka sake tashe shi, ya ƙara ci. Babu faɗa, babu gori. Da ƙarfin abincin nan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. Nakan tuna da wannan duk lokacin da na ga wanda baƙin ciki ya kayar. Sau da yawa abinci da barci yake fara bukata, wa'azi ya biyo baya.

Gidiyon kuwa a ɓoye aka tarar da shi, yana sussukar alkama a wurin matse inabi don tsoron Madayanawa. Makiyayan Baitalami suna bakin aikinsu ne da dare, a filin Allah. Kin ga ke nan, 'yata, ziyarar mala'ika ba lambar yabo ba ce da ake rataya wa gwanin addu'a. Zakariya firist ne, dattijo, a cikin Haikali yake ƙona turare da Jibra'ilu ya tsaya masa. Duk da haka ya yi shakka, bakinsa ya rufe har sai da aka haifi ɗansa Yahaya. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ke biyo bayan ziyarar shi ne abin dubawa. Mutane kan so hasken, su manta da kayan da ke zuwa tare da shi. Ki sa kanki a matsayin Maryamu. Yarinya ce da aka yi wa baiko, a ƙaramin gari irin Nazarat, inda kowa ya san kowa. Aka ce mata za ta ɗauki ciki. Mala'ika ya gama magana ya tafi, ita aka bari da idanun mutane da tsegumin bakin rijiya. Ta karɓa da zuciya ɗaya. Yusufu mijinta ma a mafarki kawai aka yi masa magana, amma ya tashi cikin dare, ya ɗauki jariri da uwarsa, ya kama hanyar Masar don gudun takobin Hirudus. Ko Ubangijinmu Yesu, a daren da aka bashe shi, Luka ya ce mala'ika ya zo ya ƙarfafa shi. Ƙarfi aka kawo masa, gicciyen kuma yana nan yana jira.

Akwai sura guda da nake so ki karanta a hankali, Ayyukan Manzanni 12. Bitrus yana kurkuku, ɗaure da sarƙa biyu, yana barci tsakanin soja biyu. Mala'ika ya tashe shi, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Da suka wuce titi ɗaya, sai ya bar shi. Sauran tafiyar Bitrus da ƙafarsa ya yi, har gidan da 'yan'uwa suka taru suna masa addu'a. Amma a farkon surar nan, an kashe Yakubu ɗan'uwan manzo Yahaya da takobi, ba a aiko kowa ya fid da shi ba. Za ki ce Allah ya fi ƙaunar Bitrus? Sam. Dukansu nasa ne. Don haka kada ki auna ƙaunar Allah da abin da idonki ya gani.

Sai kuma in ja miki kunne kaɗan. Kama da wane ba wane ba ne. Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa Shaiɗan kansa yakan yi shigar mala'ikan haske. Ya kuma gaya wa Galatiyawa kada su karɓi wata bishara dabam, ko daga bakin mala'ika ta fito. Idan wani ya zo miki ya ce an nuna masa ki kawo kuɗi kafin a buɗe miki hanya, ko ki daina shan magani, ko wance ce mayyar da ta kama ki, ki tsaya tukuna. Ki buɗe Littafinki. Ki je wurin fasto da dattawan ikkilisiya. Gaggawa a irin wannan ta raba zumunci da yawa, ta kuma kai wasu kabari. Manzo Yahaya a tsibirin Batmusa ya durƙusa zai yi wa mala'ika sujada har sau biyu, duka biyun aka hana shi. Ɗan aiken gaskiya ba ya riƙe girma wa kansa. Amma fa kada ki yi wa mai ba da shaida dariya. Ki saurara da ladabi, ki gwada da Maganar Allah, ki bar sauran ga Mai sani.

Ni da kike gani, furfura ta cika kaina, ban taɓa ganin mala'ika da idona ba. Ban kuma rasa kome ba. Kakarki, Allah ya ba ta hutawa, ba ta taɓa kwashe tuwo ba tare da ta ajiye malmala ɗaya ta baƙo ba. Takan tuna mana da Ibrahim a Mamre, da ya hango baƙi uku da tsakar rana, ya ruga ya tarye su, ya sa aka yanka maraƙi. Ibraniyawa sura ta 13 ma ta tuna mana cewa ta hanyar karɓar baƙi wasu suka sauki mala'iku ba da saninsu ba. Alheri gadon barci ne.

Ki kuma tuna da Karniliyas, jarumin sojan Roma a Kaisariya. Mala'ika ya bayyana gare shi, amma bai yi masa wa'azi ba. Cewa ya yi ya aika Yafa a kira Bitrus. Aikin kai bishara, da share hawaye, da riƙe hannun mara lafiya, mu mutane aka bar wa.

To, 'yata, ki kwantar da hankalinki. Saƙon da mala'iku suka kawo yana hannunki a rubuce, tun 1932 ma cikakken Littafi Mai Tsarki yake cikin harshen Hausa. Ki karanta, ki yi biyayya da abin da kika fahimta. Gobe da safe ki dama kunu, ki kai wa gwauruwar nan ta bayan coci da ke kwance, ki zauna da ita ko na ɗan lokaci. Wataƙila ta daɗe tana roƙon Allah ya aiko mata da wani. Tashi ki je ki kwanta, Ubangiji ya kiyaye ki, ya sa miki albarka.