Wayar Tarho ta Intanet a Jami'a

Wayar tarho ta intanet, wadda ma'aikatan sadarwa ke kira VoIP, tana daddatsa muryar mai magana zuwa ƙananan ƙunshin bayanai, ta tura su ta kebul ɗin da kwamfutocin jami'a ke amfani da shi. A tsohon tsari kowace waya da igiyarta ta tagulla, tun daga tebur har ɗakin da akwatin haɗa kira yake. Irin wannan igiya ruwa na cin ta, masu haƙa na yanke ta, ɓarayin tagulla kuma na tone ta.

A Najeriya yawancin layukan ofis sun mutu tare da kamfanin waya na NITEL, kuma tun zuwan GSM a 2001 ma'aikata suka koma kiran juna da wayoyin hannunsu, da katin aljihunsu. Illar haka ita ce lamba tana bin mutum ne, ba ofis ba. Ranar da aka sauya jami'in jarrabawa, lambar da ɗalibai suka sani ta tafi da shi.

Ginshiƙin sabon tsarin kwamfuta ce guda mai haɗa kira, wadda ke riƙe da lambar kowane ofis. Sau da yawa ana ɗora mata manhajar Asterisk, wadda Mark Spencer ya ƙirƙira a 1999, kuma ba a biyan kuɗin lasisinta. Wayoyin na magana da ita ta ƙa'idar SIP, wadda fasalinta na yanzu ya fito a 2002. Jami'a mai harabobi biyu, kamar Samaru da Kongo a Zariya, ko tsohuwa da sabuwar harabar Jami'ar Bayero a Kano, za ta iya haɗa su da faiba, kira ya wuce tsakaninsu ba tare da ya bi ta kamfanin waya ba. Ko intanet ɗin waje ya yanke, kiran cikin gida na tafiya.

Murya ba ta cin hanya sosai: kira ɗaya a tsarin G.711 kilobit 64 ne a daƙiƙa, kusan 90 idan an haɗa da bayanan adireshi. Jinkiri ne ba ta jurewa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada ya wuce millidaƙiƙa 150 daga baki zuwa kunne. In ya zarce, sai masu magana su riƙa katse juna. Shi ya sa ake ware wa murya hanyarta, a kuma ba ta fifiko, don kada bidiyon da ɗalibai ke saukewa ya danne ta.

Inda akasarin tsare-tsare ke tuntuɓe shi ne wuta. Tsohuwar waya daga ofishin tarho take samun lantarki, don haka ko an ɗauke wuta tana aiki. Ta intanet kuwa daga na'urar rarraba layi ta ginin take sha, ta kebul ɗin kansa, bisa ƙa'idar da aka fitar a 2003, kuma kebul ɗin ba ya wuce mita 100. Ke nan kusan kowane gini na da na'urarsa, kowacce kuma sai da batir da inbata ko sola. Kasafin da ya ƙare a sayen wayoyi masu kyau ya bar batir, kayan ado ya saya. Janareto kaɗai bai isa ba, domin a 'yan mintocin da ake jira ya tashi duk wayoyi sun mutu, sai sun sake rajista da kwamfutar haɗa kira.

Akwai kuma 'yan kutse masu laluben lambobi da kalmar sirri mai sauƙi, su riƙa buga kiran ƙetare cikin dare, jami'a ta biya. Rufe kiran ƙetare ga duk ofishin da ba ya buƙata na toshe mafi yawan wannan ɓarna.

Sauyin kansa gini-gini ake yin sa. Ana farawa da sashen kwamfuta, sannan ofishin magatakarda da tsangayoyi. Asibiti da ofishin tsaro ana barin musu layin GSM a gefe, a kuma rubuta ɗaki da ginin da kowace waya take, domin wayar da aka cire aka kai wani gini tana tafiya da lambarta.