Shaye-shayen Mata: Cutar Da Muke Rufewa Da Mayafi



Bayan karatun Asuba a nan Badafi wani dattijo ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, 'yata ce. Mijinta ya koro ta, wai ya tsinci kwalaben maganin tari a ƙarƙashin gado. Don Allah kada kowa ya ji."

Wannan "kada kowa ya ji" ita ke kashe mana mata. Binciken UNODC na 2018 ya nuna cewa cikin duk mutum huɗu masu shan ƙwaya a Najeriya ɗaya mace ce, amma cikin mutum 20 da ake yi wa magani, ɗaya ce kawai mace. Sauran suna ina? Suna ɗaka, kunya ta kulle su.

Kowane mataki na rayuwa da ƙofar da Shaiɗan ke shigowa. Budurwa, ƙawa ce ke zuba mata kodin a lemo ranar biki. Matar aure, baƙin cikin miji ko kishiya ya hana ta runtsawa, ta fara da ƙwayar barci ɗaya. Bazawara, zaman kaɗaici da gorin gida. Gyatuma mai aikatau a gona kuwa, tiramol take haɗiya don ciwon gaɓoɓi, har jiki ya ƙi tashi sai da shi. Gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin tun Mayun 2018, amma doka ba ta warkar da zuciya.

Hukunci dai a fili yake: aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya, kuma hadisin Muslim ya sanya duk mai gusar da hankali a layinta. Sai dai Bukhari ya ruwaito cewa da wani ya tsine wa sahabin da aka sha kamawa da shan giya, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

To mu ma hakan. Na ce wa dattijon nan: Baba, kada ka tsine mata, kada ka ɗaure ta. A kai ta asibiti, ko Dawanau ne, likita ya duba ta, don yanke ƙwaya farat ɗaya na iya zama haɗari. A tambaye ta me ke cin ranta. Rufin asiri daban, rufe ciwo daban.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba. Amin.