Dokin da ke gaban alƙali, wa zai ba shi harawa?

Wata Talata da hantsi magatakardan wata kotun shari'a ya kira ni, ya ce alƙali yana so in je in duba wani doki in rubuto abin da na gani. Na tarar da shi ɗaure a turke cikin wani kango, akawali ne dogo, wanda kowa a unguwar ya san shi a hawan salla. Tun daga bakin ƙofa ake ƙirga haƙarƙarinsa. Ƙashin ƙugu ya fito har a iya rataya buta, kofato ya yi tsawo ya lanƙwashe, ragama ta ci bayan kunne ta zama miki, ƙyauren katakon da ke kusa da shi kuwa ya gaigaye shi saboda yunwa. Mu likitocin dabbobi muna da ma'aunin ƙiba da rama na dawaki, wanda Don Henneke na jami'ar Texas A&M a Amurka ya fitar a 1983, daga 1 zuwa 9, lafiyayyen doki yana wajen 5. Wannan na ba shi 2.

Labarinsa irin wanda na saba ji ne a wannan aiki. Wani Alhaji mazaunin wani gari ya sayi dokin, ya ba mai kiwo, yana aiko da kuɗin abinci duk wata. Allah ya yi masa rasuwa. Magada suka ce doki na cikin gado, mai kiwo ya ce marigayi ya ba shi kyauta a madadin kuɗin kiwon da yake bin sa. Babu takarda, babu wani shaida da ya ji da kunnensa. Magada suka daina aiko da ko sisi, don kada su ciyar da dokin da wani ke cewa nasa ne. Mai kiwo ya rage abinci, don kada ya ƙiwata dokin da za a ƙwace gobe. Wata huɗu ana haka, har maƙwabta suka kai magana gaban mai unguwa, daga nan aka dangana da kotu.

Alƙali ya yi abin da ya dace: ya ce a cire dokin daga hannun ɓangarorin biyu, a damƙa wa amintacce har a gama shari'a. Wani dattijo mai barga ya karɓa. Saboda irin wannan dattijo nake rubutun nan, domin a garinmu babu wani gidan hukuma da ake kai dabbar da aka ƙwace. Mota ko babur a iya ajiye su a harabar ofishin 'yan sanda shekara guda, su yi tsatsa kawai. Doki mai nauyin kilo 300 zuwa 350 yana buƙatar busasshen abinci kilo 6 zuwa 7 kowace rana, da ruwa lita 25 zuwa 40, ya ma fi haka a bazara, kuma ɗage zaman kotu ba ya rage ko ɗaya daga ciki.

Abu na farko da ke kashe irin waɗannan dawaki shi ne tausayi. Na taɓa rasa wata goɗiya a hannun mutanen kirki, waɗanda suka ga ramarta suka cika mata kwano da dawa da dusa tun daren farko. A kwana na huɗu ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya koma cin kitsensa da namansa. Idan aka zuba masa hatsi lokaci guda, sukari ya hau jini, sinadarin insulin ya kwashe fosfaras da fotasiyam da magniziyam daga jini ya tura su cikin tsoka, sai zuciya da numfashi su gaza. Yawanci tsakanin kwana 3 zuwa 5 da fara ciyarwa ake ganin haka, lokacin da mai riƙo ke murna doki yana cin abinci.

Tsarin ciyarwar da masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gwada ya dogara ne a kan ciyawar alfalfa, wadda dangin wake ce. Abin da ya fi kusa da ita a wajenmu shi ne harawar wake ko ta gyaɗa, busasshiya, marar fumfuna. Haka na tsara wa dattijon: rabin kilo duk bayan awa 4, dare da rana, har kwana 3. Daga kwana na 4 zuwa na 10 a riƙa ƙara yawa kaɗan-kaɗan ana rage yawan lokutan, har a koma sau uku a rana. Bayan kwana 10 a bar shi ya ci harawa iya cikinsa. Dawa, gero da dusa sai bayan makonni, kuma da tafin hannu za a fara. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Kanwa da jiƙe-jiƙe a dakata da su, maganin tsutsar ciki ma sai doki ya ɗan yi ƙarfi an duba kashinsa. Allurar tetanus kuwa na yi masa a ranar saboda mikin nan.

"Likita, wannan ai horo ne," in ji dattijon da ya ga rabin kilon a sikeli.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri da ni kwana goma, bayan nan ka ba shi yadda kake so."

Ya yi haƙurin. Dokin da ya rame haka yana ɗaukar wata 3 zuwa 5 kafin ya mayar da jikinsa, wannan ma sai da ya kusa cika biyar.

Na kuma sa aka ware shi daga sauran dawakin bargar har mako 3, da bokitinsa da tsummansa daban. Duk wanda ya ga abin da murar dawaki ta yi wa jakuna a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 ya san yadda baƙuwar dabba ɗaya ke shigo da cuta garke. Ga kuma kaska, mai ɗauke da cutar da ke fasa jinin doki.

Sai maganar alƙalami, wadda mutanenmu suka fi raina wa. Idan kai ne mai riƙo, kafin doki ya taka ƙofar bargarka, ka nemi takardar da ta nuna wanda ya ba ka shi: kotu ce, ko 'yan sanda, ko hakimi a gaban ɓangarorin biyu. A rubuta kamanninsa yadda masu dawaki ke faɗa, akawali ne ko kili ko danda ko bidi, da farin goshi, da ƙafar da ke da fari, da kowane tabo, da shekarunsa bisa haƙora. A ɗauki hotonsa ta gaba da baya da gefe biyu a ranar farko, likita ya sa hannu a kan halin da aka karɓe shi. Amfanin wannan yana fitowa daga baya. Idan doki ya murmure, wanda ya yi sakacin zai ce dama lafiyarsa ƙalau. Idan ya mutu, za a ce a hannunka ya lalace. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu, kuma a gaban alƙali hoto mai kwanan wata ne ke tare shi.

Daga nan ka sayi littafi. Kowane damin harawa, kowace allura, ladan mai yanke kofato duk bayan mako 6 zuwa 8, ladan yaron barga, a rubuta da kwanan wata. Fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi bai bar wannan a duhu ba. Ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, idan ya ƙi ko ya kasa, alƙali na iya sa a sayar. Dabbar da aka tsare saboda jayayya kuwa, littafin Muhtasar Halil ya ɗora ciyarwarta a kan wanda hukunci ya ba shi ita a ƙarshe. Wato haƙƙinka yana nan, amma sai ka iya nuna nawa ne. Dokar Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ita ma ta sanya azabtar da dabbar gida da yin sakaci da ita cikin laifuffuka, saboda haka maƙwabcin da ya kai ƙara bai yi shisshigi ba.

Mai riƙo ya kuma sani cewa amana ce a hannunsa. Ba ya hawan dokin zuwa kilisa, ba ya ba da hayarsa don hawan angwanci, ba ya dandaƙe shi, ba ya kai goɗiya barbara, domin duƙushin da za a haifa wata sabuwar shari'a ce. Ba ya miƙa shi ga kowa daga masu jayayya, ko da ya zo da kuka ko da manya, sai da umarnin wanda ya ba shi riƙon. Idan ciwon ciki ya kama shi cikin dare, a kira likita a kuma sanar da kotu. Idan ya mutu, kada a binne sai an duba an rubuta.

A Ingila an daɗe da tsara wannan. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ba ɗan sanda ko sufeto ikon ɗauke dabbar da likita ya tabbatar tana wahala, ƙungiyoyi irin su RSPCA da World Horse Welfare su riƙe ta har kotu ta yanke hukunci. Tun Oktoban 2020 dole kowane doki a can ya kasance da 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fatar wuya, ban da fasfonsa. Duk da haka fasfon ba hujjar mallaka ba ne, har yanzu rasit da yarjejeniyar da aka rubuta ne ke raba gardama. Wannan kuwa ba ya fi ƙarfinmu. Wanda ya sayi doki a Maigatari ko Mai'adua zai iya karɓar takarda mai sunan mai sayarwa da dillali da shaidu biyu. Wanda ya ba da kiwo zai iya rubuta nawa zai riƙa aikowa, da abin da za a yi idan kuɗi suka yanke wata uku. Wanda ya yi kyautar doki ya kira shaidu tun yana da rai, musamman idan dokin dama yana hannun wanda aka ba, domin a nan ne ake kasa bambanta kyauta da ajiya.

Shari'ar akawalin nan ta ɗauki wata bakwai. Mai kiwo ya kasa kawo shaidun kyauta, doki ya koma cikin gado, magada suka sayar. Daga kuɗin aka fara biyan dattijon abin da ke cikin littafinsa, babu wanda ya yi musu da shi, domin kowane shafi da kwanan wata. Ranar da aka zo tafiya da dokin, dattijon bai fito ba, jikansa ne ya miƙa ragama. Wannan ma ya kamata mai son karɓar riƙo ya sani tun farko: za ka tashi cikin dare sau biyu saboda dabbar da ba taka ba, ka saba da haniniyarta, sannan wata rana a zo a kwance ta.

Ina roƙon alƙalanmu da hakimai da jami'an 'yan sanda, duk ƙarar da ta shafi dabba mai rai a fara yanke wanda zai ciyar da ita tun zaman farko, a kuma gaggauta sauran. Masu dawaki, ku rubuta ciniki da kiwo da kyauta. Kai kuma maƙwabci, idan ka ga doki yana cin katako a turke, ka sanar da mai unguwa ko ofishin likitan dabbobi mafi kusa a ranar, kada ka jira sai ya kwanta.