Hanyoyin Samun Tagwaye a Kiwon Tumaki

Ribar mai kiwon tumaki ta dogara ne a kan yawan 'ya'yan da kowace tunkiya ta haifa, kuma suka rayu har zuwa yaye. Ƙarin abincin da mai tagwaye ke buƙata bai kai kuɗin ɗan rago na biyu ba, musamman idan ya isa yanka daidai lokacin layya.

Tumakin Nijeriya iri huɗu ne: 'Yankasa, Uda, Balami da gajerun tumakin kudu. Gajerun sun fi yawan haihuwar tagwaye, su kuwa Uda da Balami sun fi girman jiki amma galibi ɗa ɗaya suke haifa. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana nazari a kan 'Yankasa.

Mataki na farko shi ne abinci kafin barbara. Tagwaye na samuwa ne idan tunkiya ta saki ƙwai biyu, kuma tunkiyar da ke ƙara ƙiba ta fi yin haka. Saboda haka, mako biyu zuwa uku kafin a sakar musu rago, sai a ƙara musu dusa, harawa da angurya, tare da gishirin lasa, a kuma ba su maganin tsutsar ciki.

Na biyu shi ne zaɓen iri. A ajiye matan da aka haifa tagwaye, a nemi rago mai irin wannan asali, a rubuta haihuwar kowace tunkiya. Wannan gado yana bin jini a hankali, don haka sai an yi haƙuri na shekaru. Kada a yi gaggawar sayar da tunkiya don haihuwarta ta fari ɗa ɗaya ce, domin tagwaye sun fi zuwa daga haihuwa ta uku.

Na uku shi ne tsara lokaci. Cikin tunkiya wata biyar ne, tana kuma neman rago kusan duk kwana 17. Idan aka yaye 'ya'ya suna wata uku, za ta iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Lafiyayyen rago ɗaya ya isa tunkiya 25 zuwa 30.

Wurin da aka fi yin asara shi ne mako shida na ƙarshen ciki, lokacin da 'ya'yan suka fi girma. Mai tagwaye da ta rasa abinci a wannan lokaci takan kwanta ciwo, ko ta haifi raunana. Bayan haihuwa a tabbatar kowane ɗa ya sha dakashi cikin sa'o'in farko.

A kuma yi wa garke rigakafin cutar PPR mai sa zawo da majina, wanda ake sarrafa allurarsa a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Jami'an dabbobi na ƙaramar hukuma su ne za a tuntuɓa domin samun ta.