Aikin Wata Uku: A Ƙarasa Ko A Bari?

'Yan'uwa, kowace shekara bayan girbi matasanmu daga ƙauyukan Kajuru, Kachia da Chikun sukan shigo Kaduna cin rani. Yawancinsu kudancin kogi suke sauka: Kakuri, Sabon Tasha, Unguwar Romi ko Gonin Gora. Iyayensu sun san zamanin da masaƙun Kakuri ke ɗaukar mutum aiki har ya tsufa a ciki. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu ma suka bi bayanta. Abin da yaro yake samu yau aikin wata biyu ne ko uku: lodi, gadi, ko leburanci a wurin gini.

Tambayar da ake yawan yi mana ita ce: in an sami wani aikin da ya fi kuɗi, ko ruwan shuka ya sauka a gida, laifi ne mutum ya ajiye ya tafi?

Mu dai shawararmu, wanda ya yi alkawari ya ƙarasa. Irin wannan aiki da sanayya ake samunsa. Shugaban lebura yakan tambayi yaro, "Wa ya kawo ka? Daga wane gari?" Idan ka gudu ana tsakiyar zuba kankare, ba sunanka kaɗai ka ɓata ba. Baɗi ƙanenka zai zo a ce babu gurbi, wanda ya tsaya maka kuma ya sha kunya. Ga shi in biyan wata ne, mai tafiya ba sallama da wuya ya ga kuɗin kwanakin da ya yi.

Amma alkawari ba a wuyan ma'aikaci kaɗai yake ba. Ku karanta Farawa sura 31 a zumuntar matasa. Yakubu ya yi wa Laban aiki shekara 20, Laban ya yi ta sauya masa lada har sau goma, daga baya Yakubu ya kama hanyar gida. Idan ana riƙe maka albashi, ko ana sa ka aikin da zai nakasa ka, barinsa ba rashin aminci ba ne.

Sai dai a fita ta ƙofa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikin a rubuce kafin wata uku ya wuce. Wanda bai haura wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya ta isa; daga nan zuwa shekara biyu, mako ɗaya. Da yawa daga yaranmu ba su taɓa jin wannan ba.

Maganar damina kuwa, tun ranar farko ake yin ta. Ka lissafa watanninka, ka gaya wa maigidan cewa a watan Mayu za ka koma gona. Iyaye da dattawan ikilisiya, kafin ku yi wa yaro addu'ar tafiya, ku tambaye shi yaushe aikin zai ƙare, nawa aka yanka masa, kuma a gaban wa aka yi maganar.