Ashura da Ranar Kippur ta Yahudawa: Azumi Ba Ya Biyan Bashin Mutane

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai karɓar tuban bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa da Annabi (SAW) ya iso Madina ya tarar da Yahudawa suna azumin ranar Ashura. Da ya tambaye su dalili, suka ce rana ce da Allah Ya tsirar da Annabi Musa da mutanensa daga Fir'auna. Sai ya nuna musu cewa Musulmi sun fi su cancantar Musa, ya azumci ranar, ya kuma yi umarni da a azumce ta. A ƙarshen rayuwarsa ya yi niyyar haɗawa da ranar tara, domin a bambanta da su.

Wasu malaman tarihi, cikinsu har da al-Biruni, sun alaƙanta Ashura da babban azumin Yahudawa mai suna Yom Kippur, wato ranar kaffara, wanda yake faɗowa ranar goma ga watansu na Tishri. Su ma da wata suke lissafi, amma suna ƙara wata guda sau bakwai cikin kowace shekara 19, shi ya sa Kippur ba ya wuce tsakanin Satumba da Oktoba, alhali namu Muharram yana zagaya damina da rani. Tunawa da fita daga Masar kuwa, a wani idi dabam suke yin ta a yau, mai suna Pesa, inda suke cin gurasa marar yisti.

Annabi (SAW) ya yi izinin a ba da labarin Bani Isra'ila, ya kuma hana mu gaskata su ko ƙaryata su a kan abin da ba mu da sani. Ibn Kasir ya kasa labaransu gida uku: abin da shari'armu ta tabbatar, da abin da ta ƙaryata, da abin da ta yi shiru a kansa. Ibadarmu daga Alƙur'ani da Sunna muke ɗaukar ta. Abin da ya kawo mu wannan darasi magana ce guda da ke cikin kashi na farko, wadda muke da ita cikin littattafanmu amma muke sakaci da ita.

Yadda suke riskar ranar

Shiri yana farawa tun watan da ya gabata, mai suna Elul, inda ake busa ƙahon rago bayan addu'ar safe domin farkar da zukata. Ranar ɗaya ga Tishri ita ce sabuwar shekararsu. Daga nan zuwa ranar goma suna kiran kwanakin da kwanaki goma na tuba. Cikinsu ne mutum yake bin waɗanda ya ɓata wa, yana biyan bashi, yana yawaita sadaka.

Azumin yana farawa kafin faɗuwar ranar tara, ba a buɗe baki sai taurari sun fito washegari, kimanin awa 25 ke nan. Abubuwa biyar suke bari: ci da sha, wanka, shafa mai, sanya takalmin fata, da kusantar iyali. Ba a aiki, da yawa suna sanya fararen tufafi, su wuni a majami'a. Suna furta laifuffuka a jam'i, kowa yana cewa "mun yi", yana bugun ƙirji a hankali. Da la'asar suna karanta labarin Annabi Yunusa da tuban mutanen Ninawa. Addu'ar ƙarshe sunanta Ne'ila, ma'ana rufe ƙofa, sannan a busa ƙaho, a buɗe baki.

A riwayarsu, ranar ce Annabi Musa ya sauko daga dutse da alluna karo na biyu, bayan an yafe wa mutanensa bautar ɗan maraƙi. Zamanin da Haikalinsu yake tsaye a Ƙudus, rana guda ke nan a shekara da babban limaminsu yake shiga ɗaki mafi alfarma. Ana kawo bunsuru biyu, a yanka ɗaya, a furta laifin jama'a a kan ɗayan a kora shi jeji. Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70 miladiyya, yanka ya tsaya, malamansu suka mayar da nauyin ranar kan tuba da addu'a da sadaka.

Maganar da ta shafe mu

Cikin littafin fiƙihunsu Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, akwai babin wannan rana mai suna Yoma. A ƙarshensa an raba laifi gida biyu. Wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, ranar tana kankare shi ga mai tuba. Wanda ke tsakanin mutum da ɗan uwansa, ranar ba ta kankare shi har sai an nemi yardar wanda aka zalunta. An kuma ce wanda ya yi laifi da gangan yana dogara da cewa ranar za ta wanke shi, ba za ta wanke shi ba.

Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya fayyace yadda ake yi. A mayar da dukiyar tukuna, sannan a nemi yafiya, domin mayar da kuɗi kaɗai ba ya wanke ɓacin rai. In mai haƙƙi ya ƙi, a koma da mutum uku, har sau uku. In ya ƙi bayan haka, laifin ya koma kansa, sai fa in malaminka ne, wannan ko sau dubu sai ka koma. In ya rasu, a je kabarinsa da mutum goma a furta laifin a gabansu, dukiyar a ba magada. Ya kuma ce cikakken mai tuba shi ne wanda damar laifin nan ta sake samunsa, yana da ikon yi, ya bari.

Kalmarsu ta tuba, teshuba, ma'anarta komawa, kamar dai tauba a Larabci. Wani malaminsu na Andalus, Bahya ɗan Paƙuda, ya rubuta littafi da Larabci a ƙarni na 11 mai suna al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub, ya tsara shi ƙofa goma, har da ƙofar tuba da ta yi wa kai hisabi, ya kuma ɗebo da yawa daga maganganun sufayen Musulmi. In waɗanda ba su yi imani da Annabinmu ba sun zo sun sha daga rijiyar magabatanmu, kunya ce mu masu rijiyar mu kwana da ƙishirwa.

Abin da ke cikin littattafanmu

Muslim ya ruwaito daga Abu Ƙatada cewa ana fatan azumin Ashura ya kankare zunubin shekarar da ta gabata. Malamai sun bayyana cewa ƙananan zunubai ake nufi, manya sai da tuba. Imamu Nawawi ya kawo sharuɗɗan tuba cikin Riyadus Salihina: barin laifin, nadama, da ƙudurin rashin komawa. In laifin ya shafi ɗan Adam, akwai na huɗu, shi ne kuɓuta daga haƙƙinsa.

Ku tuna hadisin matsiyaci da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Mutum ne zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani. A riƙa ɗebe ladansa ana biyan su, in ya ƙare a ɗora masa zunubansu. Dubi wanda aka siffanta: mai salla ne, mai azumi ne. Irinmu ake nufi, masu zama a da'ira.

Muridi yana istigfari sau ɗari a lazimin safe, sau ɗari a na yamma. Falala ce babba, kuma ba a wasa da ita. Amma carbi ba ya mayar da iyakar gonar da aka ture da garma a damina. Ba ya cika tiyar da aka tauye a kasuwar hatsi. Ba ya biyan lebura ladan wuninsa, ba ya mayar wa marayu da mata kasonsu na gado da babban wa ya riƙe da sunan kula. Saƙon da ake turawa kowa da kowa ta WhatsApp, "duk wanda na ɓata wa ya yafe mini", shi ma bai isa ba in akwai wanda ka san sunansa, ka san adadin abin da yake binka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ramin bashi kuwa har kabari yake kaiwa.

Abin yi kafin ranar goma

A watan cika-ciki, kafin a shiga hidimar tuwo da nama, kowa ya keɓe dare guda. Ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen masu haƙƙi a kansa, ya fara da gida: iyaye, mata, ƴaƴa, maƙwabta, almajirai, sannan abokan ciniki. Abin da yake dukiya ya mayar, in ba ya iyawa gaba ɗaya ya je ya amsa bashin da bakinsa a yanka masa lokaci. In mai shi ya rasu, magadansa ne masu shi. In an neme su an rasa, a yi sadaka da niyyar ladan ya kai gare shi. Abin da yake zagi ko cin fuska, a taka a je a ba da haƙuri. Game da giba, malamai da yawa sun ce in faɗa wa mutumin zai ƙara hura wuta, a roƙa masa gafara, a kuma yabe shi a majalisar da aka ci namansa. Wanda abin ya rikice masa ya tuntuɓi muƙaddaminsa ko wani malamin fiƙihu.

Wanda aka zo wa neman yafiya shi ma yana da nauyi. Ya zo a Muslim cewa ana gafarta wa bayi ranar Litinin da Alhamis, ban da mutum biyun da ke gaba da juna, su ana jinkirta musu har sai sun shirya. Kada girman kai ya sa ka tsare kanka da ɗan uwanka a bakin ƙofa.

Allah Ya ba mu tuba na gaskiya kafin mutuwa, Ya sauke mana haƙƙin bayinSa tun muna duniya, Ya karɓi azuminmu da zikirinmu, albarkacin Annabi Muhammadu (SAW). Amin.